Ya Yi Mika'ilu

Sallama gare ku, tsofaffin masu bibiyata da waɗanda yau suka fara leƙowa. Ku yi haƙuri da jinkirina. Ni da girmana na koyi rubutu, ina da shekara ashirin da biyu na fara zuwa lekkol, wato makarantar manya, wurin Madam Sauda, kuma har gobe da yatsa ɗaya nake danna waya. Yau ga shi abin da zan faɗa ba zai ƙara mini daraja a idonku ba, sai yatsan ya ƙara nauyi.

Sunana Khalida. Asalinmu Damagaram, amma a Tamanrasset, da muke kira Tam, na yi wayo, unguwar Sersouf, inda Innata take da butik na laffaya da turare. Bilkis, 'yar ƙanwar Inna, tana ɗinki a bakin ƙofa, ni kuma ina can ƙurya ina yi wa mata lalle. Mace idan an zana mata hannu biyu da ƙafa biyu, ba ta tashi, ba ta taɓa waya, baki kaɗai ya rage mata har awa biyu. Ni ba mai magana ba ce, kullum kaina a sunkuye. Don haka ba abin da ake faɗa a Sersouf da bai bi ta kunnena ba.

A unguwarmu ba a barin kuskure ya tafi a banza. Ka yi abu sau ɗaya ya ba mutane dariya, shi ke nan, an ɗauke sunanka an mai da shi magana. Akwai sallamar Yunus, wato mutum ya ce "to bari in tafi" da azahar, a kira magariba yana nan bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. In an ce wance ta yi Mairo, ta shigo ne daidai ana sauke tukunya, tana cewa wallahi a ƙoshe take, tana wanke hannu. Labarin Lukumanu shi ne wanda aka kawo maka da gudu ana haki, alhali jaririn da ake cewa an haifa har ya fara rarrafe. Gyaran Abdulfatah kuwa, ka kai firji ba ya sanyi, ya dawo yana sanyi, amma duk wanda ya taɓa shi sai ya yi salati. Wasu masu sunayen sun koma Maraɗi tuntuni, wasu sun rasu, sunayen suna nan suna aiki. Da Madam Sauda ta ce kowa ta riƙa rubuta abin da take ji don hannu ya saki, su na riƙa zubawa a kayena, littafin rubutuna na aji. Arba'in da ɗaya na tara.

Na arba'in da biyu ban rubuta shi ba. Shi ne "ya yi Mika'ilu". Kuma Mika'ilun shi ne mutumin da yake neman aurena.

Kuku ne, yana bin motocin da suke kai turis, masu yawon buɗe ido, dutsen Assekrem. Shekara goma sha ɗaya yana aikin, ba a taɓa cewa ya ƙona ko albasa ba. Wata safiya, shekara uku ke nan, suka hau da Turawa goma sha biyu kallon fitowar rana, sanyi kamar zai cire wa mutum kunne. Ya shimfiɗa darduma, ya jera buta, gawayi, sukari, na'ana'a, kofuna, tire, har da ɗan maficin hura wuta. Ya sa hannu a jaka, ashe ganyen shayin yana can Tam a kan taga. Bawan Allah ya tafasa ruwa da sukari da na'ana'a, ya yi ta ɗaga buta sama yana tsiyayawa ko kumfa za ta taso, kumfa ta ƙi. Turawa suka sha zagaye uku, suka ce ba su taɓa shan shayi mai sauƙi a ciki irin wannan ba, wata tsohuwa har ta nemi a rubuta mata yadda ake haɗawa. Direbobi suka gangaro da labarin gari.

Bayan mako guda wata mata ta zo wurin Bilkis. Ta kawo hoton ɗinkin da take so, ta kawo zare, maɓallai, leshin bakin hannu. Atamfar tana gida. Da ta fita, ni kuma kaina yana kan ƙafar wata Balarabiya da ba ta jin Hausa, sai na ce a hankali, "Ta yi Mika'ilu."

Iyakar abin da na ce ke nan. Bilkis ta yi dariya har allura ta soke ta, da yamma ta tafi da maganar gidan suna. Kafin wata ya ƙare, duk wanda ya zo da komai ban da ainihin abin da aka aike shi, ya yi Mika'ilu. A lokacin ko fuskarsa ban taɓa gani ba, kuma ban da Bilkis ba wanda ya san daga bakina ta fito. Wa zai zargi Khalida? Ni da ake cewa sai an taɓa ni a tabbatar ina ɗakin.

Bara ya shigo butik sayen turaren da zai aika wa mahaifiyarsa Agadas. Dogo, shadda ruwan toka, farin rawani, murya kamar yana tsoron tada mai barci. Ya dawo bayan kwana uku, ya sake dawowa, har Inna ta ce ko mahaifiyar tasa shan turaren take yi. Na lura duk inda zai tashi sai ya lalubi aljihunsa sau uku, kuma yana da 'yar takarda da yake dubawa yana ja mata layi. Da ya faɗi sunansa, kwalbar lallen da ke hannuna ta zana wa wata baiwar Allah hanya tun daga yatsa har gwiwar hannu.

Ya fara zuwa zance bayan la'asar. Kullum da hantsi mesaj ɗinsa yana shigowa: "Barka da hantsi. Kin karya? Yau ban manta komai ba." Ku gaya mini, 'yan uwa, da wane baki zan faɗa masa?

Abin bai tsaya nan ba. Ashe tun shekara uku yana neman wanda ya ƙirƙiro maganar. Wata rana muna zaune a zaure ya ce, "Ke da kike jin komai, ki taimake ni. Kawo kayen nan naki, rubutunki ya fi nawa kyau."

Na kawo. Yana faɗin waɗanda yake zargi, ina rubutawa da bik ja, wato jan biro. Mutum tara.

"Allah ya tona asirinsa," in ji shi.

"Amin," na ce.

A gida kuwa an ƙosa. Shekarata ashirin da shida. Kowace Juma'a Gwaggo tana aiko vokal, saƙon murya, daga Damagaram, minti huɗu na gaisuwa, sannan ta sauke murya ta ce, "To, har yanzu dai?" Inna ta ga Mika'ilu ta yaba, ta ce yaro ne mai kunya, ga sana'a, ga shi in ya zo yana gyara mana murhun gas ba a roƙe shi ba. Aka tsayar kawunsa zai zo neman aure Juma'ar nan.

Ranar Asabar ya zo fuskarsa ba daɗi. Ko dabinon da na ajiye masa bai kalla ba.

"Lafiya?"

"Na je sayen burodi wurin Balaraben nan na kan kwana. Ya miƙo mini ya ce, samahli khuya, wato yi haƙuri ɗan'uwa, yau ba gishiri a ciki, na yi Mikailu."

"Ya san kai ne?"

"Bai ma san sunan mutum ba ne. Ya ɗauka Hausar mantuwa ke nan." Ya murza goshi. "Khalida, na gaji. In na shiga gareji, a ce duba jakarka. In na fito masallaci, a ce ka duba ko ka yi sallar. Wani abokina yana da lambu a Mertoutek, yana neman mai kula da shi. Can ba mai jin Hausa balle ya san ni. In an ɗaura, can za mu zauna."

Da na kai wa Inna maganar tana tsakar gida tana ninke sababbin laffaya, ta tsaya da ɗaya a hannu.

"Mertoutek? Wurin da mota sai ta ga dama take zuwa? Ke za ki je ki yi wa awaki lalle?"

"Inna, ya ce akwai ruwa da inuwa."

"A firjina ma akwai ruwa. Ki gaya masa, in kawunsa ya zo da maganar Tam, bismilla. In da maganar lambu ce, ya sha ruwa ya koma. Ba na ba da 'ya inda zan yi yini a mota kafin in ga jikana." Ta yarfa laffayar a kan igiya. "Duk wanda ya ɓata wa yaron nan suna, Allah ya hana shi barcin rana."

Ban ce amin ba wannan karon, tari na yi.

To kun ga inda na tsaya. Shi ba zai zauna a Tam ba muddin maganar tana yawo, Inna ba za ta ba da ni ba sai ya zauna a Tam, ga Juma'a saura kwana shida. Na sami Bilkis tana cin gyaɗa a kan keken ɗinki, na ce mata yaya ake kashe magana.

"Ke da kika haife ta ba ki sani ba?"

"Rufa mini asiri, Bilkis."

"Shekara uku ina rufawa, ko ɗan kunne ba ki taɓa ara mini ba."

Na ciro 'yan kunnena na azurfa na ajiye mata a kan keke. Ta saka, ta duba madubi, sannan hankalinta ya dawo.

Dabarar farko, mu juya ma'anar. Mu riƙa kiran duk abu mai kyau Mika'ilu har mutane su saba. Ran Lahadi wata Hajiya ta ɗauki laffaya mai ruwan zuma tana juyawa, na daure na ce, "Hajiya, wannan ai Mika'ilu ce." Ta dube ni, ta warware laffayar tun daga ƙofa har ƙurya, ta ɗaga ta a rana, ta bi baki da baki. Ta ce ta gode da na gaya mata gaskiya, ita ba ta gano abin da ya ɓace a jiki ba amma ba za ta saya ba. Inna ta harare ni har Hajiyar ta sha kwana.

"Wannan ba ta yi ba," in ji Bilkis. "Saura guda. Kin tuna da can ba Mairo ake cewa ba? Walida ake cewa."

Na tuna. Walida ce mai shigowa lokacin sauke tukunya, shekara da shekaru sunanta ne a bakin mutane. Sai ranar da Mairo ta shigo gidan Yunus ta ce a ƙoshe take, ta buɗe jaka ta ciro cokalinta. Daga ranar aka sallami Walida, yanzu har kujera ake ba ta a biki.

"Sai an sami wanda ya fi shi," in ji Bilkis. "A gaban jama'a, kuma abin ya fi nasa ban dariya. Sai sunan ya koma kan sabon."

"Wa zai yarda ya yi?"

Ta ci gaba da ɓare gyaɗa tana kallona.

Kwana na yi ina juya abin. Ni da ko a aji Madam Sauda ta ce in karanta da ƙarfi sai gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Amma ni na ɗora masa, ni ya kamata in sauke. Ranar Talata akwai lallen amarya, Mariyamu 'yar gidan Alhaji Khamisu, kuma ni aka kira. Muka shirya: zan je da komai ban da lalle, in an gane, Bilkis ta ɗaga murya ta ce "ta yi Khalida", ta maimaita sau biyu don ya kama.

Na sa atamfata koriya mai zanen ganye, na yafa laffaya baƙa mai bakin zinari, na ce in za a yi mini dariya gara a same ni da kyau. Mata sun fi talatin a tsakar gidan, an shimfiɗa darduma har bakin madafa, turaren wuta yana tashi, amarya tana kan katifa an naɗe mata zane zuwa gwiwa. Na zauna a gabanta. Na buɗe jaka a hankali yadda kowa zai gani. Na ciro kwano, na ciro lemun tsami, auduga, salatif, almakashi, tsumma, man shafawa, har da 'yar matashiyar ɗora ƙafa. Na jera su reras. Sannan na zura hannu cikin jakar, na laluba, na kife ta na kaɗa.

"Ina lallen?" in ji uwar amarya.

"Na... bar shi a gida."

Tsakar gida ta yi tsit. Na saci kallon Bilkis. Bilkis ta cusa cincin biyu a baki lokaci ɗaya, tana ta fama, idonta ya firfito, tana ɗaga mini hannu wai in jira ta haɗiye.

Kakar amarya ba ta jira ba. Tsohuwa ce da ko haƙori ba ta da shi, amma muryarta har waje.

"Ikon Allah. Tun ba a ɗaura ba ta yi Mika'ilu. Ashe abin ɗauka ake yi?"

Gidan ya fashe. Wata ta faɗi a kan wata, amarya tana dariya tana share kwalli. Wata ta ce a raba kofin shan ruwa da ni. Wata ta ce in Allah ya ba mu haihuwa a riƙa ƙirga yaran kafin a baro kasuwa. Sai a lokacin Bilkis ta haɗiye, ta ce "ta yi Khalida" da wata siririyar murya, wata ta miƙa mata ruwa ta ce sannu.

Kafin in je gida in ɗauko lallen in dawo, maganar ta haihu. Yanzu akwai ƙaramin Mika'ilu, na wanda ya manta shi kaɗai, akwai babban Mika'ilu, na wanda ya shafa wa na kusa da shi. Da yamma Inna ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ta yi. Ta zuba mini tuwo, ta ajiye miya, ta ce, "Duba da kyau, ko na manta wani abu."

Laraba bayan la'asar ya zo. Shadda ruwan ƙasa, ba guga, ba turare. Na sa laffaya shuɗiya mai ɗigon fari, na kai masa ruwa da dabino zaure, na zauna a ƙarshen benci ina kallon yatsun ƙafata.

"Na ji abin da ya faru gidan Alhaji Khamisu," in ji shi.

"Ba komai."

"Da komai. Shekara nawa kina lalle?"

"Tara."

"Kin taɓa mantawa?"

"A'a."

"To kin gani. Sunana ne ya shafe ki. Ni na saba, fatata ta yi kauri. Ke ba ki saba ba, ke da ko kallonki aka yi da yawa sai ki shige ɗaki. Zan ce wa Kawu ya bar zancen Juma'a. In tafi Mertoutek ni kaɗai, wata biyu an manta da ke." Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Khalida."

Ni yake roƙo in yafe masa. Na ji kamar benci ya tsage in shige.

"Da gangan na bar lallen," na ce.

"Da gangan?"

Na gaya masa zancen Walida da Mairo da cokali, da yadda muka so sunan ya dawo kaina. Ina magana idonsa yana cikowa. Ya kama bakin rawaninsa ya goge.

"Kika tsaya gaban mata talatin saboda ni? Wallahi ban cancanci..."

"Tsaya. Ban gama ba."

Ya tsaya. Wata mota ta wuce a waje, na jira ta wuce, na so a ce ayari ne.

"Ni ce."

"Ke ce me?"

"Wanda muke nema."

 Ya ɗauki kofin ruwa, ya mayar bai sha ba.

"Kawo kayen," in ji shi.

Na shiga na ɗauko. Ya buɗe shafin jan bik, ya bi sunayen da yatsa.

"Mahamadu direba. Wata takwas ban amsa gaisuwarsa ba."

"Na sani."

"Wannan na shida, Abdulbaƙi. Ke kika ce in sa shi."

"Ya yi kama da wanda zai iya."

"Da na ce Allah ya tona asirinsa fa?"

"Na ce amin."

"Da ƙarfi kika ce."

"To ai ga shi an amsa."

Gefen bakinsa ya motsa, ban sani ba ko dariya ce ko wani abu, ya danne.

"Me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba. Ban san ka ba a lokacin. Wata ce ta zo ɗinki ba atamfa, sai maganar ta dace da wurin."

"Ta dace."

"Sau ɗaya na faɗa, Mika'ilu. A hankali ma."

"Ni ma sau ɗaya na manta."

 Ya rufe kayen ya ajiye a kan benci tsakaninmu, ya miƙe, ya gyara rawani. Bai ce sai gobe ba, bai ce a gai da Inna ba. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwanar mai burodi, ya nufi wajen gareji.

Alhamis da hantsi mesaj bai shigo ba. Na duba wayar, na kashe na kunna, na ce wa Bilkis ta kira ni in ga ko layin ne. Layi lafiya lau. Na zauna na rubuta masa doguwar magana, na goge, na sake, na goge. Minti arba'in na yi, abin da ya rage "Ka yi haƙuri." Na tura. Alamar ta yi shuɗi nan take. Aka nuna yana rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Na yi wa wata yarinya fure a tafin hannu ya fito kamar ƙadangare, na ce mata sabon yayi ne.

"Ki ci wani abu," in ji Bilkis, 'yan kunnena suna lilo a kunnenta.

"Ba na jin yunwa."

"To miƙo mini naki."

Na koma gida da wuri, na kwanta a ɗaki da laffayata ban cire ba, wayar a kan ƙirjina. Ana kiran la'asar ta yi ƙara. Vokal ne, daƙiƙa goma sha huɗu. A bayan muryarsa ana jin bugun ƙarfe da dariyar maza, har na gane ta Mahamadu direba.

"Khalida, ki gaya wa Inna Kawu yana nan zuwa gobe in an sauko Juma'a, kuma maganar Tam ce. Lambu na bar wa mai shi. Garin zai zaunu yanzu, tunda mun zama mu biyu."

Sau bakwai na saurara. Na rungume matashi, na tashi na zagaya ɗaki, na dawo na zauna. Mun zama mu biyu. Na ce kai, mutumin nan ashe ya iya kalamai. Na nemo jar zuciyar nan na tura masa, abin da ban taɓa yi ba, har guda uku. Ya maido mini da hoton kofin shayi.

Ina cikin zaɓen laffayar da zan sa gobe na ji an turo ƙofar gida. Inna ce, da burodi biyu a hammata. Na fito da gudu in ba ta albishir.

"Inna, ya fasa Mertoutek. Kawunsa zai zo gobe."

"Na ji," in ji ta. Ba ta yi murmushi ba. Ta zauna a kan tabarma ta cire takalmi ɗaya bayan ɗaya. "Ke, na tsaya layin burodi yanzu. Mata biyu suna cacar baki a kan bokitin da ya ɓace. Ɗaya ta ce wa ɗaya, kar ki yi mini wani abu. Layi duka aka kwashe da dariya, har Balaraben yana tambaya a fassara masa."

"Wane abu?"

"Na tambayi ma'anarsa. Aka ce sabuwa ce, jiya da yamma ta fito daga gareji. Wai mutum ya yi maka ɓarna, sannan ya zo ya zauna kusa da kai da bik da takarda yana taya ka neman wanda ya yi."

 Na dafa bango.

"Da na juyo," in ji Inna, "sai kowa ya daina dariya yana kallon silin."

Ni ce 'yar farin Inna. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kama sunana da bakinta ba, ko ranar da na faɗi daga kan tsani aka kai ni asibiti, "yarinyar nan" ta ce wa likita. Shi ya sa yanzu ta sa "wani abu" a gurbinsa. Ta ture burodin gefe, ta gyara zama, ta nuna mini tabarma a gabanta.

"Khalida," in ji ta. "Rufe ƙofar nan ki zo."